ƊAN LAMBUN BAYAN ƊAKI

A makon nan ina so mu yi zance a kan wani wuri da ke kusa da ke ƙwarai, amma watakila ba ki taɓa kula da shi ba, watau ɗan filin nan na bayan ɗakinki inda ake zubar da toka da ruwan wanke-wanke. Ni dai a irin wannan wuri na sami kwanciyar rai a lokacin da na rasa ta, shi ya sa na ga ya kamata in ba ki labari.

Sa'ad da na gama kwalejin horon malamai, ba abin da nake ɗoki kamar in gan ni riƙe da alli a gaban aji. Na kai takarduna duk inda aka ce in kai, na komo gidanmu a ƙasar Bebeji ina jira. Wata ya tsaya ya mutu, shekara ta zagayo, shiru kamar an aiki bawa garinsu. Ƙawayena kuwa wannan ta sami aiki, waccan an kai ta ɗakinta, wata har ta yi goyo. In na je gidan suna sai in ji ana cewa, "Malama, yaushe za a fara aikin ne?" Wasu da gaske suke tambaya, wasu da gatse. Da haka da haka na daina fita. Da dare barci ya ƙaurace mini, sai in kwanta ina duba hotunan mutane a waya, ina auna kaina da su, kullum ni ce a baya.

A gidanmu akwai gwaggona, yayar babanmu, wadda ta dawo gida bayan rasuwar mijinta. Allah bai ba ta haihuwa ba. Tana da wani ɗan lambu a bayan ɗakinta, ta kewaye shi da darni. Wata rana da asuba, cikin sanyin hunturu, sai ta leƙo ɗakina ta ce, "Ke 'yar nan, tashi ki kama mini ban ruwa, bayana ya ƙage." Na ce, "To, Gwaggo," na tashi ba don ina so ba. Kashegari ma haka, jibi ma haka. Sai daga baya na gane ba abin da ya sami bayanta, nawa ciwon ta gani.

Bayan kwana bakwai ta yanka mini fangali guda, tsawonsa taki uku, faɗinsa taki biyu, ta ce nawa ne. Da yake ina ganin ni mai ilmi ce, ban tambaye ta kome ba. Na kwaso ɗanyen kashin kaji na zuba, na watsa irin alayyafo. Tsiron na fitowa ya ƙone ƙurmus. Na sake shukawa, ya fito ya yi kyau, na manta ƙofar darni a buɗe, akuya ta shiga ta yi masa aski. Ran nan har na yi hawaye. Gwaggo ta yi dariya ta ce, "Ƙasar ba ta yi fushi da ke ba, ke ma kada ki yi fushi da ita. Sake shukawa." Na uku ne ya tsaya. Ranar da aka yi miyar taushe da alayyafon da na shuka da hannuna, babanmu ya ce a ƙaro masa, daɗin da na ji ya fi na ranar da aka miƙo mini takardar shaidar malanta.

To, 'yar'uwa, ga abin da lambun nan ya koya mini, wanda ban samu a aji ba. Kowace shuka da lokacinta. Alayyafo mako uku ko huɗu ya isa tsinka. Kuɓewa sai ta yi wajen wata biyu kafin ta fara 'ya'ya. Gwanda takan kusa shekara. Mangwaron da aka shuka daga ƙwallo sai an jira shi shekara biyar ko shida, wani ma ya fi haka. Kuka kuwa wanda ya dasa ta jikokinsa yake yi wa tanadin inuwa. Duk waɗannan a ƙasa ɗaya suke, ruwa ɗaya suke sha, amma ba wanda ya taɓa zagin mangwaro don alayyafo ya riga shi shiga tukunya. Me ya sa mu 'yan Adam muke zagin kanmu don wata ta riga mu aure, ko haihuwa, ko cin jarrabawa? Hausawa sun ce kowa da kiwon da ya karɓe shi. Ke 'yar makaranta da aka ce ki maimaita aji, ki riƙe wannan. Sannu ba ta hana zuwa, sai dai a daɗe ba a je ba.

A kusurwar lambun Gwaggo akwai gwanda uku. Biyu suna 'ya'ya, ɗaya kuwa sai dogayen furanni masu lilo, bai taɓa yin ko ɗa guda ba. Na ce, "Gwaggo, me zai hana a sare wannan, ai tare wuri kawai ya yi." Ta ce, "Namiji ne. Sare shi ki ga ko sauran za su ƙara ba ki abin kirki." Nan take na tuna an koya mana haka a darasin kimiyya, cewa ƙurar furen namijin gwanda ce ƙwari da iska ke kai wa macen kafin ta yi 'ya'ya. Sa'an nan ta yi shiru kaɗan, ta ce, "Ni ma an sha ce mini na tare wuri a gidan miji. Yau ga shi rabin yaran gidan nan a bayana suka girma, har da ke." Ban sami abin cewa ba. Tun daga ranar ban ƙara ce wa kaina ba ni da amfani ba.

Ke kuma amarya da aka kawo ki baƙon gari, kina ganin kamar ba za ki taɓa sabawa ba, je ki dubi dashen tumatir. In an cire shi daga inda aka yafa iri aka dasa a fangali, yakan yi yaushi ya sunkuyar da kai kwana biyu ko uku, har ka ce ya mutu. Saiwa yake kafawa a ƙarƙashin ƙasa inda ido ba ya gani. In an ba shi ruwa da 'yar inuwa sai ya miƙe, ya fi waɗanda aka bari a cunkushe girma. Shi kansa tumatir ɗin baƙo ne a ƙasarmu, daga nahiyar Amurka asalinsa yake, shi da barkono. Zogale kuma daga ƙasar Indiya ya zo. Yau wa zai ce kwaɗon zogale ba abincin Hausawa ba ne?

Kada ki ce wannan zance na ƙauyawa ne kawai. Nelson Mandela na Afirka ta Kudu ya yi shekara 27 a ɗaure kafin a sake shi a 1990. Da aka mai da shi kurkukun Pollsmoor a 1982, ba ƙasar noma a inda aka ajiye shi, sai ya sa aka raba durom-durom biyu aka cika su da ƙasa a kan rufin gini. Ya shuka tumatir da albasa da sauran kayan miya, yana ci, yana ba 'yan'uwansa fursunoni, har da gandirobobin da ke tsaronsa. Ba ina cewa gidanki kurkuku ne ba, Allah ya tsare. Abin da nake nufi shi ne, in mutumin da aka hana shi kome ya sami abin da zai reno a cikin rabin durom, ke da ke da tsakar gida da rijiya ba ki da hujja.

Mu nan kudancin Kano mun san lambu. Tun da aka gama dam ɗin Tiga a 1974, zamanin Gwamna Audu Baƙo, ruwansa ke bin hanyoyin da aka gina masa zuwa Kadawa da Kura da Bunkure, ana noman rani. Wanda ya bi hanyar Zariya da rani ya ga kwandunan tumatir jibge a Kwanar Gafan. Amma wannan babban lambu ne na maza da na kasuwa, kuma babban lambu da babbar asara yake tafe. Za ki tuna shekarar 2016, lokacin da ƙwaron nan da manoma ke kira Sharon ya cinye tumatir a gonakin Kano da Kaduna, har ya gagari talaka saye. A shekarar ina 'yar sakandare, kuma ban tuna ranar da muka ci tuwo gaya ba, gama rama da yakuwa da kabewa da zogalen Gwaggo ba su san an yi ba. Ɗan lambun bayan ɗaki ba zai sa ki kuɗance ba, amma yakan rufa asiri ranar da kuɗin cefane ya gaza.

In kin yi niyya, ga yadda za ki fara.

Na ɗaya, nemi wurin da rana ke samu tun daga safe har wajen azahar. Ki fara da kaɗan. In ba fili, ko kuwa an yi wa tsakar gida siminti, tsohon buhu ko fasasshen tulu ko bokitin da ya huje duk sun isa. Ki tabbata akwai huji a ƙasa inda ruwa zai tsiyaye.

Na biyu, shinge kafin shuka. Kara ko tsohuwar zana ko ƙaya, duk wanda ya samu. Kada ki yi irin wautata, akuya da kaji ba su san wahalar kowa ba.

Na uku, taki. Kashin awaki ko na kaji ko na shanu, amma wanda ya daɗe ya ruɓe ya huce. Ɗanye ƙona shuka yake yi. Ki gauraya shi da ƙasa da 'yar toka kaɗan, ki yi ban ruwa kwana biyu kafin ki sa iri.

Na huɗu, ki fara da masu sauƙin kai, watau alayyafo da rama da yakuwa da kuɓewa. Irin alayyafo ƙanana ne ƙwarai, sai ki cuɗa shi da yashi kafin ki yafa don kada ya fito a cunkushe. Zogale kuwa ko reshe kika yanko kika kafa zai kama. In ya kai ƙirjinki ki datse kansa, sai ya yi rassa ya ba ki ganye inda hannunki zai kai. In da sauran wuri, ki sa gindin lalle guda da ɗan na'ana'a na shayi.

Na biyar, ban ruwa da sassafe ko da la'asar sakaliya, ba da tsakar rana ba. Ruwan alwala da na wankin shinkafa da na ɗaurayar ganye duk suna da amfani, kada ki zubar da su a rariya. Amma ruwan da ya sha sabulu ko gishiri, ki nisanta shi da shuka. Kada kuma ki bar ruwa ya kwanta, gama nan sauro ke ƙyanƙyasa, sai a je neman miya a samo zazzaɓi.

Na shida, in ƙwari sun dame ki, ki daka ganyen darbejiya ki jiƙa ya kwana, ki tace ki yayyafa da maraice. Ki guji maganin feshin gona a kan ganyen da yara za su ci gobe.

Abu na ƙarshe ya fi duka. Ki riƙa zuwa wurin kullum, ko da na ɗan lokaci ne, ki bar waya a ɗaki. Hannun da ke cire ciyawa yakan janye zuciya daga saƙe-saƙe. Kuma in kin san akwai abin da ke jiran ruwa daga hannunki, tashi da safe ba ya yi miki nauyi. Malamai sun gaya mana duk abin da mutum ko dabba ko tsuntsu ya ci daga shukar da kika yi, sadaka ce a gare ki. Ashe ko akuyar nan da ta sa ni kuka lada ta jawo mini.

Amma fa kada in ruɗe ki. Lambu ba maganin kowane baƙin ciki ba ne. In damuwa ta daɗe a ranki, har ta hana ki ci da barci mako da makonni, kada ki ɓoye. Ki gaya wa wadda kika amince da ita, ki je asibiti, gama wannan ciwo ne kamar kowane ciwo, kuma yana da magani.

Ni dai sai da na shekara biyu a gida kafin aikin ya zo. Yanzu ina koyarwa a wata makarantar firamare, kuma a bayan ajinmu akwai fangali huɗu na rama da yara ke rububin yi wa ban ruwa. Amma gaskiya ita ce, hankalina ya riga ya kwanta tun kafin takardar aiki ta iso, tun ina tsugune da tulu kusa da Gwaggo.

Duk wadda ta gwada, ta rubuto mana ta hannun Edita ta gaya mana abin da ta shuka da yadda ya yi, ko da akuya ce ta cinye. Allah ya sa albarka a abin da muka shuka, amin. Sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu.