Uwar Garken Talaka: Wacce Ce Za Ta Jure Zafi da Wutar Sakkwato?

Duk ɗalibin da ya zana jarrabawar JAMB daga shekarar 2015 zuwa yau ya yi hulɗa da uwar garke, ko ya sani ko bai sani ba. A shekarar ce hukumar ta ajiye fensir da takarda, ta koma kwamfuta kacokan. Kwamfutocin nan 250 da ke jere a zauren jarrabawa ba kowacce ce ke cin gashin kanta ba. Akwai guda ɗaya a gefe wadda aka haɗa su duka da ita ta waya, ita ke raba tambayoyi, ita ke karɓar amsoshi. Ita ce ake kira saba, masu rubutu kan fasaha da Hausa kuma suka raɗa mata suna uwar garke. Idan ta tsaya, zaure duka ya tsaya.

To, 'yan uwa ɗalibai, ba zauren jarrabawa kaɗai ke buƙatarta ba. Mu ɗauki unguwarmu ta Ƙofar Kware, ɗaya daga cikin tsofaffin ƙofofin birnin Shehu. Ka duba shagon buga takardu mai kwamfuta huɗu da firinta ɗaya: aikin da aka fara a wannan kwamfuta sai an kwashe shi a filash an kai waccan, filash ɗin kuwa ya shiga kwamfuta goma kafin azahar, yana yawo da ƙwayar cutar nan mai ɓoye fayiloli. Ka duba ƙaramar makarantar kuɗi ko Islamiyya wadda sakamakon ɗalibanta na shekara da shekaru ke cikin laftof ɗin malami ɗaya. Ranar da aka sace laftof ɗin, ko ma'adanarsa ta mutu, shi ke nan, sai a koma lalube cikin tsofaffin rajista. Ga kuma gidan da ɗalibai biyar ke sauke bidiyon darasi ɗaya, kowa da datarsa, alhali tun farkon 2025 hukumar NCC ta amince kamfanonin waya su ƙara kuɗin kira da data har kashi 50 cikin 100.

Maganin duk waɗannan ɗaya ne: kwamfuta guda da ke kunne kullum, wadda kowa zai ajiye aikinsa a cikinta, ya ɗauko daga cikinta, ya tura wa firinta ta hanyarta. Ba ta buƙatar intanet. Rauta ko suwic ɗaya da 'yan wayoyin sadarwa sun wadatar, kuma waya ɗaya na iya kaiwa mita 100 kafin saƙo ya fara rauni, wato ta fi tsawon galibin makarantun unguwa.

Inda ake faɗawa rami shi ne wajen saye. Mutum zai ga hoton wata ƙatuwar saba ta hannu, irin masu faɗin nan da bankunan Turai suka gama yayinsu, an sa mata kuɗi ƙasa da na sabuwar waya, sai ya ga ai banza ta faɗi. A ganinmu wannan ita ce araha mai tsada. An ƙera irinsu ne don ɗaki mai na'urar sanyaya iska dare da rana, da wutar da ba ta ƙiftawa. Mu yi lissafi tare. A ce tana jan wat 200. A kwana 30 ba kashewa, ta cinye yunit 144 ke nan a mita. Ƙaramar kwamfuta mai jan wat 15 kuwa ba za ta cika yunit 11 ba. Idan aka ɗauke wuta kuma, batirin inbata mai bolt 12 da amfiya 100 yana riƙe abin da ya kai wat 1,200 na awa ɗaya, kuma masu haɗa sola kan ce kada a zuƙe fiye da rabinsa in ana son ya yi ƙarko. Wannan rabin zai riƙe ƙatuwar awa uku kacal, ƙaramar kuwa kusan awa 40, in ban da ɗan abin da inbata ke ci. Ba mu ma yi maganar ƙara ba, domin fankokin ƙatuwar sai ka rantse injin markaɗe aka tayar a ɗaki.

Saboda haka tambayar farko ga ɗan Sakkwato ba "nawa ce?" ba, "wat nawa take ja?" ce.

Akwai sabobin da kamfanoni suka ƙera musamman don ƙananan ofisoshi, kamar ProLiant MicroServer na HP da ya fara fitowa a 2010, da ƙananan PowerEdge na Dell irin su T30 da T40. Suna da gurbin sa faifan ajiya fiye da ɗaya, suna kuma karɓar wata ƙwaƙwalwa mai gyara ƙananan kurakurai da kanta. Asibitin unguwa ko makarantar da ke da ɗalibai da yawa, in da hali, su ya kamata su nema. Amma ga shago da gida, mun fi karkata ga ƙananan kwamfutocin ofis na hannu, waɗanda girmansu bai wuce na littafin Kimiyya na aji shida ba: OptiPlex Micro, ThinkCentre Tiny ko EliteDesk Mini. Microsoft ta daina tallafa wa Windows 10 ranar 14 ga Oktoba, 2025, kuma da yawa daga cikin tsofaffin kwamfutoci ba sa ɗaukar Windows 11. Abin da ya zama shara ga ofisoshin waje ke nan ya zama nama gare mu, tunda uwar garke ba dole sai da Windows ba. Ubuntu kyauta ce, OpenMediaVault kyauta ce, haka Samba da ke ba kwamfutoci damar raba fayiloli.

Akwai kuma Raspberry Pi, 'yar mitsitsiyar kwamfutar Ingila da ta fito a 2012 kan dala 35. Ba ta cin wuta sosai, ta kuma dace da mai son koyo. Sai dai kafin ka sayo ta, ka haɗa da caja, akwati da ma'adana a farashin dala na yau, ta yiwu kuɗin ya kamo na ƙaramar kwamfutar hannu da ta fi ta ƙarfi. Tsohon laftof mai fasasshen gilashi ma yana yi, har ya zo da batirinsa. A riƙa duba batirin kawai, in ya fara kumbura a cire shi nan take.

Me za a zuba a ciki bayan fayilolin aiki? Nan ne abin ya fi burge mu a matsayinmu na ɗalibai, kuma tunanin ba baƙo ba ne a Najeriya. Wani Ba'amurke mai suna Cliff Missen ya koyar a Jami'ar Jos a ƙarshen shekarun 1990, ya ga yadda intanet ke tafiyar hawainiya ga tsada. Bayan ya koma Jami'ar Iowa, shi da abokan aikinsa suka fito da eGranary, wato rumbun zamani: a kwafi ɗimbin shafuka da littattafai da izinin masu su, a zuba a faifai ɗaya, a jona shi da uwar garken makaranta, ɗalibai su yi ta bincike ba tare da ko sisin data ba. Sunan ya dace, domin Bahaushe ya san amfanin rumbu tun kafin a ƙirƙiro kwamfuta. Yau kowa na iya gina nasa. Manhajar Kiwix na ba ka damar sauke Wikipedia gaba ɗaya, ta Turanci da hotunanta wajen gigabait 100, ta Hausa kuwa ba ta kai ko kusa ba. Kolibri na ɗauke da darussan lissafi da kimiyya na bidiyo. A sauke sau ɗaya inda intanet ke da sauƙi, duk wayar da ta hau Wi-Fi ɗin gidan ta samu.

Saura zafi da ƙura. A watan Afrilu zafin garin nan kan haura digiri 40, ɗakin kwano mara silin kuwa ya fi haka. Kada a kulle uwar garke a kabad, kada a ajiye ta a ƙasa inda take shaƙar ƙura, kada a rufe ta da ƙyalle wai don tsafta alhali tana kunne. A ɗora ta kan kanta, inda iska ke ratsawa. Da hunturu ya wuce a buɗe ta a hure ƙurar. Da damina kuma, in hadari ya haɗo da walƙiya, a zare ta daga soket. Ɗauke wuta ba zato na iya lalata bayanai a faifai, don haka ko UPS ƙarami ne a saka, ya ba ta mintunan da za a kashe ta cikin tsari.

Abu guda da masu shaguna ba sa son ji: tara komai a wuri ɗaya na nufin komai na iya tafiya a rana ɗaya. Faifai biyu masu kwafin juna a cikin akwati ɗaya suna maganin mutuwar faifai ne kawai, ba sa maganin ɓarawo, gobara, ko yaron shago da ya goge fayil bisa kuskure. Dole a sami faifan waje da za a riƙa kwafe komai a kai duk Juma'a, kuma ya kwana a wani gida daban. A kuma ba kowane ma'aikaci kalmar sirrinsa. Makarantar da ke riƙe sunayen yara, hotunansu da lambobin iyayensu ta sani cewa tun watan Yunin 2023 Najeriya na da dokar kare bayanan jama'a, kuma alhakin tsare su na wuyan wanda ya tara su.

Ga 'yan uwanmu masu karanta kimiyyar kwamfuta a Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo, Jami'ar Jihar Sakkwato ko Kwalejin Umaru Ali Shinkafi, wannan aiki ne da ake iya koya a hutu ɗaya da tsohuwar kwamfutar da ke kwance a gida. A fara da haɗa ta da waya ɗaya da laftof ɗaya, a ga fayil ya ƙetara. Ranar da za a je yi wa mai shagon unguwa tayin aikin, a tafi da lissafin yunit 144 da yunit 11 a rubuce, domin kuɗin wuta zai fara tambaya.