Sun Yi Hasara, Amma Ba Su Daina Godiya Ba

Daga Wakilinmu na Arewa

'Yan'uwa mazauna Ikko, Badun da Fatakwal, ga wani labarin gida.

Ran 17 ga Maris 1923 Turawan Mishan biyu, Stover Kulp da Albert Helser, suka yi sujada a gindin wata tsamiya a Garkida. Daga nan ne Ekklesiyar 'Yan'uwa a Nijeriya, watau EYN, ta tsiro.

Cikin 2014 babbar wahala ta auka mata. Yawancin 'yan matan Chibok da aka sace 'ya'yanta ne. A watan Oktoba kuma Boko Haram ta kame hedkwatarta da ke Kwarhi, kusa da Mubi, har shugabanni suka ƙaura Jos.

Duk da haka bakinsu bai bar yabo ba. A 2015 mawaƙan Zumuntar Mata suka zaga Amurka suna raira waƙoƙin yabon Ubangiji. A 2023 kuwa aka yi bikin cika shekara 100 a Kwarhin nan da aka gudu aka bari.

Wannan ba sabon abu ba ne ga Kirista. Manzo Bulus ma yana kurkuku ya rubuta wa Filibiyawa wasiƙar farin ciki.

To, kai da kuɗin haya ya hana barci a Kudu, lissafa abin da Allah Ya bar maka tukuna.