Matse Murya a Tashoshin Rifita na Rediyon 'Yan Sha'awa da Tasirinsa ga Furucin Hausa

Tsakure

Wannan maƙala ta yi bayanin yadda ake matse murya a tashoshin da ke maimaita saƙonnin rediyon 'yan sha'awa. Ta rarrabe tsakanin matse ƙarfin sauti da matse bayanan murya, sannan ta auna kowanne da siffofin tsarin sautin Hausa da ke bambanta ma'ana. Ta nuna cewa ƙarfin murya kaɗai bai isa ya zama ma'aunin ingancin rifita ba, kuma masana harshe na da rawar takawa wajen samar da ma'aunin da ya dace.

1.0 Gabatarwa

Rediyon 'yan sha'awa harka ce ta mutanen da ke da lasisin sadarwa ta iska, ba don kasuwanci ba. Kowanensu yana da lambar kira da ke nuna ƙasarsa: ta Nijeriya kan fara da 5N, ta Nijar kuma da 5U. Ƙungiyarsu ta duniya, IARU, an kafa ta ne a birnin Faris a 1925. Amfaninsu ya fi bayyana idan bala'i ya durƙusar da wayoyin tarho, kamar yadda aka gani a guguwar Katrina a Amurka a 2005 da girgizar ƙasar Nefal a 2015. A irin wannan hali, kalma ɗaya da aka ji ba daidai ba tana iya kai ɗauki inda ba a buƙatarsa.

2.0 Yadda Rifita ke Aiki

Oba-obar hannu ba ta cin dogon zango, domin tudu ko dogon gini kan tare saƙonta. Shi ya sa ake girke tasha a kan tsauni ko hasumiya, ta karɓi saƙo a wani zango, ta sake watsa shi nan take a wani zangon da ƙarfin da ya fi na asali. Ita ce rifita. A rukunin mita 2, wanda a Afirka da Turai ya kama daga megahaz 144 zuwa 146, tazarar da aka saba bari tsakanin zangon karɓa da na watsawa ita ce kilohaz 600.

Akasarin rifitoci suna amfani da tsarin FM. A wannan tsari, ƙarfin murya shi ke ƙayyade yadda saƙo zai riƙa kaucewa daga tsakiyar zangonsa. An iyakance wannan kaucewa ga kilohaz 5, ko 2.5 a ƙuntataccen tsari. Haka kuma ana tace muryar a bar abin da ke tsakanin haz 300 da 3,000 kawai. To amma masu magana ba ɗaya ba ne: wani yana manna baki a makirfo yana ɗaga murya, wani kuwa yana magana ƙasa-ƙasa daga nesa. Na farko kan ƙetare iyaka, muryarsa ta dagule, ta kuma malala cikin zangon maƙwabta. Na biyu da ƙyar ake jin sa. Wannan matsala ce ta haifar da buƙatar matsewa.

3.0 Matse Ƙarfin Sauti

Na'urar matsewa tana rage tazarar da ke tsakanin sauti mai ƙarfi da mai rauni. Ana sanya mata iyaka, duk sautin da ya haura ta sai ta danne shi gwargwadon kason da aka zaɓa. Misali, a kason 4 bisa 1, idan murya ta haura iyaka da desibel 8, abin da zai fita desibel 2 ne kawai. Bayan an danne manyan sautuka, sai a ɗaga muryar gaba ɗayanta, mai ƙaramar murya ya kusanci mai babba. Akwai kuma lokuta biyu da ake saitawa: saurin da na'urar ke damƙar sauti idan ya tashi, da jinkirin da take yi kafin ta sake shi.

Illar wannan dabara ita ce, na'urar ba ta san murya daga hayaniya ba. Da zarar mai magana ya ɗan tsahirta, sai ta ɗago ƙugin injin mota ko hucin iska ko shuuwar saƙo mai rauni, har a ji kamar tashar tana numfashi. Lamarin ya fi muni idan an haɗa rifitoci ta intanet, kamar yadda ake yi da EchoLink da AllStarLink, domin muryar da aka matse a oba-obar mai magana za a sake matse ta a rifita ta farko, a kuma matse ta a ta biyu. Saboda haka ƙwararru suka fi son matsewa sassauƙa, tare da shinge a ƙarshe wanda aikinsa kawai hana ƙetare iyakar kaucewa.

4.0 Matse Bayanan Murya

Nau'i na biyu ya shafi rifitocin dijital, irin su D-STAR wadda ƙungiyar 'yan sha'awa ta Japan ta ƙirƙira, da DMR wadda hukumar ETSI ta Turai ta fitar da ƙa'idojinta a 2005. Tarho na dijital yana ɗaukar murya da bit 64,000 a daƙiƙa guda. D-STAR kuwa bit 2,400 take ware wa murya, da wasu 1,200 na gyaran kurakurai. Ke nan an rage bayanan fiye da ninki 26.

Ana cim ma haka ne da abin da ake kira bokoda, dabarar da Homer Dudley ya assasa a ɗakunan binciken Bell a shekarun 1930. Bokoda ba ta aika muryar kanta. Tana yanka magana gunduwa-gunduwa, kowace ta kai kimanin kashi 1 cikin 50 na daƙiƙa, ta auna saurin kaɗawar tantanin maƙwallato da ƙarfin sauti da fasalinsa, sannan ta aika waɗannan alƙaluma. Na'urar da ke ɗaya ɓangaren ita ke ƙera sabuwar murya daga alƙaluman. D-STAR da DMR suna amfani da dangin AMBE, mallakin kamfanin DVSI, yayin da David Rowe na Ostareliya ya samar da Codec 2 wadda kowa ke da damar dubawa da gyarawa.

5.0 Abin da Hausa ke Buƙata daga Rifita

Karin sauti shi ne abu na farko. A rubuce, "ya tafi" jimla ɗaya ce, amma a baki "ya" mai karin sama da dogon wasali labari ne na abin da ya wuce, "ya" mai karin ƙasa da gajeren wasali kuwa umarni ne. Muryar namiji baligi tana kaɗawa tsakanin haz 85 da 180, wato ƙasa da haz 300 da rifitar FM ke bari. Duk da haka karin ba ya ɓacewa, domin muryar da ke kaɗawa a haz 120 tana da rassa a 360 da 480 da 600, kuma kunne kan gano karin daga tazarar da ke tsakaninsu. Matse ƙarfin sauti ba ya taɓa wannan tazara. A bokoda ne hatsarin yake: idan hayaniya ta yi yawa, tana iya kuskuren auna kaɗawar, ta ninka ta ko ta raba ta biyu, sai ta ƙera karin da mai magana bai furta ba.

Na biyu shi ne tsawon wasali, wanda ya raba "gari" na mazauni da "gari" na tuwo. Nau'o'in matsewar biyu ba sa sauya tsawon lokaci. Sai dai rifita kan ɗan jinkirta kafin ta buɗe, ta yanke gaɓar farko, alhali jimlar Hausa sau da yawa da lamirin suna mai ɗauke da lokaci take farawa. Shi ya sa al'adar dakatawa na daƙiƙa guda bayan danna maɓallin magana take da muhimmanci na musamman ga mai magana da Hausa.

Na uku su ne baƙaƙe masu hamza. Abin da ya raba "baki" da "baƙi" na maziyarta shi ne tunkuɗar iska a /ƙ/: ɗan shiru, sannan fashewa mai kaifi. Matsewa mai tsanani tana danne fashewar, tana kuma ɗago hayaniyar da ke cike shirun. Su kuma /ɓ/ da /ɗ/ da /'y/ suna zuwa ne da matsewar maƙwallato da ke sa kaɗawar ta rasa daidaito, kuma irin wannan kaɗawa ce ta fi wahalar aunawa ga bokoda.

Ɗaya daga cikin sanannun gwaje-gwajen fahimtar murya shi ne wanda William Voiers ya tsara, mai tagwayen kalmomin Ingilishi 96 da suka bambanta a baƙin farko. Tun da Ingilishi ba ya bambanta kalmomi da karin sauti, na'ura na iya cin wannan gwaji ba tare da an taɓa auna yadda take riƙe kari ba.

6.0 Kammalawa

Bayanan da suka gabata sun nuna cewa kowane nau'in matsewa yana da inda yake taɓa Hausa: matse ƙarfin sauti ya fi shafar baƙaƙe masu hamza, bokoda kuwa ta fi barazana ga karin sauti idan akwai hayaniya. Abin da ya rage ga sassan nazarin Hausa shi ne su tsara jerin zubin kamantau na kari da tsawon wasali da hamzantawa, a karanta shi ta rifita a matakan matsewa daban-daban, masu saurare su rubuta abin da suka ji. Da Codec 2 da kwamfuta guda ana iya fara wannan aiki a ɗakin gwajin furuci, kuma sakamakonsa zai amfani duk harsunan Afirka masu karin sauti.