Abubuwan da ya kamata ka sani: da me direban jirgin ƙasa yake ganin hanya?

Mai mota da idonsa yake tuƙi: ya hango akuya, ya taka birki. Direban jirgin ƙasa ba shi da wannan gata. Tayar jirginsa ƙarfe ce a kan ƙarfe, kuma jirgin Birtaniya mai gudun kilomita 200 a awa yakan ci kusan kilomita 2 kafin ya tsaya cak. Duk abin da ya hango a kan layi, ya riga ya makara.

Fitilar gaba

Babban aikinta shi ne a hango jirgi tun daga nesa, musamman ma'aikatan gyaran layi da masu tsallakawa. Dalilin ke nan da Birtaniya ta riƙa shafa wa goshin jiragenta rawayan fenti tun shekarun 1960, sai a 2016 aka sassauta dokar ga jirage masu fitila mai ƙarfi. A Amurka ana ƙara fitilu biyu a ƙasa, su haɗu da ta sama su yi kusurwa uku, don mai tsallakawa ya iya kintatar nisan jirgi. Direba kan rage haske idan zai yi kiciɓis da wani jirgi, don kada ya kashe wa ɗan'uwansa ido har sigina ta wuce shi.

Sigina

An yanka layi gunduwa-gunduwa, kowane yanki jirgi ɗaya tak. A tsarin Birtaniya: ja, tsaya. Rawaya ɗaya, ta gaba ja ce. Rawaya biyu, ta gaba rawaya ɗaya ce, fara rage gudu. Kore, hanya taka ce. Wato tun direba bai ga ja ba, an ba shi labarinta.

Ƙararrawa da oda

A Birtaniya, kimanin mita 180 kafin sigina akwai maganaɗisu a tsakiyar layi. In kore ce, ƙararrawa ta kaɗa a ɗakin direba. In ba kore ba, oda ta yi ƙara, kuma dole ya danna maɓalli cikin 'yan daƙiƙu, in ba haka ba birki ya kama da kansa.

A nan gizo ke saƙar. Odar rawaya da ta ja iri ɗaya ce, kuma wanda ya wuni yana bin bayan wani jirgi, rawaya bayan rawaya, hannunsa kan saba da dannawa tun kafin hankalinsa ya iso. A watan Oktoban 1999, a Ladbroke Grove da ke Landan, wani sabon direba ya wuce jar sigina ya yi taho-mu-gama da wani jirgi, mutum 31 suka mutu. Sau 8 aka wuce wannan siginar tana ja cikin shekaru 6 kafin ranar, abin da ke nuna laifin ba na direba kaɗai ba ne. Bayan hatsarin aka gaggauta sanya na'urar TPWS, mai kama birki da zarar jirgi ya wuce ja ko ya tunkare ta a guje.

Haddar hanya

Ba a ba direba layin da bai haddace ba: kowace kwana, kowace gangara, wace sigina ce tasa inda layuka suka jeru. Cikin hazo ko duhu, da wannan haddar yake sanin inda zai fara birki.

Jar fitilar baya

Ita ce shaidar cewa jirgi ya wuce cikakke. Ma'aikacin sigina da ya ga jirgi babu ita zai ɗauka wani tarago ya tsinke, ya hana kowa shiga yankin sai an duba.