Jinin akuya yana faɗin abin da ido bai gani ba

A Madarunfa, jar akuya dukiya ce, musamman ga mata. Da ita ake samun nonon yara, da ita ake fita kunyar biki da suna. Fatarta ma ta yi suna har Turai. Sai dai akuya ba ta da bakin cewa ga inda ke mata ciwo. Sau da yawa, kafin mu lura, cuta ta ci ƙarfinta.

Shi ya sa malaman dabbobi ke ɗibar jini. Idan ƙwayar cuta ta shiga jiki ta kawo kumburi, hanta takan zuba waɗansu sinadarai cikin jini. Ɗaya daga cikinsu sunansa haftogulobin. A jinin lafiyayyar akuya ɗan kaɗan ne ƙwarai, amma yakan ƙaru cikin kwana 1 ko 2 da kamuwa. A Turai, masu bincike suna ƙera ƙananan na'urori domin a auna irin waɗannan sinadarai a cikin garke, ga aladu da shanu. Awon yana nuna akwai kumburi, amma ba ya faɗin sunan cutar.

A ƙasarmu, akan aika jinin zuwa LABOCEL, babban ɗakin binciken dabbobi da ke Yamai. Can ake gane ko allurar rigakafi ta kama. Wannan yana da muhimmanci ga ciwon PPR, mai zuwa da zazzaɓi, majina, gyambon baki da zawo. A 2015 ƙasashen duniya suka taru a Abijan, suka ɗauki alkawarin kawar da shi kafin ƙarshen 2030, kamar yadda aka ga bayan bushiya a 2011.

Waɗansu suna ɓoye awakinsu, wai ɗibar jini na ramar da dabba. A ganinmu wannan tsoro ba shi da tushe. Akuya mai kilo 25 tana da jini fiye da lita ɗaya da rabi. Abin da malami ke ɗiba a jijiyar wuya bai wuce cokalin shayi 1 ko 2 ba.

Akwai kuma awon da kowa zai iya yi a gida, ba da ko dala ba. Mu fito da akuya cikin haske, mu ja fatar idonta ta ƙasa, mu duba cikinta. Idan ja ce, jini ya wadata. Idan ta yi fari, jini ya ragu. Da damina, a wuraren laima kamar bakin tabkin Madarunfa da fadamar Gulbin Maraɗi, tsutsar ciki mai shan jini ce ta fi jawo haka. A Afirka ta Kudu aka tsara wannan dabara, ana kiranta FAMACHA. Mu riƙa dubawa kowane mako 2. Wadda idonta ya yi fari, a kai ta wurin malamin dabbobi ran nan, kada a saya mata ƙwayoyin tebur a kasuwa.