"Achievement": kalmar da ke rikita masu jin Faransanci

Wanda ya yi karatu da Faransanci, in ya je neman aiki a Najeriya ko Gana, zai ci karo da kalmar "achievement" a takardar cikewa. Da yawa kan ɗauka ita ce "achèvement". Tushensu ɗaya ne, tsohon Faransanci, amma ma'anarsu ta rabu. "Achèvement" na nufin kammala aiki, kamar gama ginin gida. "Achievement" kuwa nasara ce da mutum ya samu da guminsa, wato "réussite" ko "réalisation". Don haka kada ka tsaya lissafa ayyukan da ka gama. Rubuta abin a zo a gani da ka yi: lambar yabo, bunƙasar ciniki, ko ɗaliban da suka ci jarrabawa a hannunka.