Magance Firgici Da Motsa Idanu

Ba duk wanda ya tsallake rijiya da baya ne ke komawa daidai ba. Wani ya tsira daga hatsarin mota ko harin 'yan bindiga, raunin jikinsa ya warke sarai, amma bayan watanni ƙarar babur kaɗai ta isa ta sa gabansa ya faɗi, gumi ya karyo masa. Barci ya gagara, in ya samu kuma sai mugun mafarki. Ba ya bin hanyar da abin ya faru, ba ya son a ta da zancen. Idan wannan hali ya wuce wata guda yana hana mutum harkokinsa, likitocin ƙwaƙwalwa suna ɗaukarsa ciwo ne da ke buƙatar magani. Cikin hanyoyin da suke bi akwai wadda ake kira EMDR, mai amfani da motsin idanu.

Wata masaniyar halayyar ɗan'adam 'yar Amurka, Francine Shapiro, ita ta fito da ita. A 1987, tana cikin tafiya a wani wurin shaƙatawa, ta lura cewa tunanin da ke damunta yana yin sauƙi idan idanunta suna kai da komowa da sauri. A 1989 ta wallafa bincikenta na farko a kan mutum 22, cikinsu har da tsofaffin sojojin yaƙin Biyetnam da waɗanda aka yi wa fyaɗe.

Aikin yana da matakai 8, kuma ba a fara shi da ido. Da farko mai ba da maganin zai ji tarihin mara lafiya, ya koya masa yadda zai kwantar da hankalinsa idan abin ya taso masa. Sai an tabbatar zai iya jurewa sannan a zaɓi hoto guda, mafi muni a cikin abin da ya faru, tare da mummunan zaton da yake yi wa kansa, irin su "laifina ne" ko "ba ni da sauran amfani". Za a tambaye shi yawan zafin da yake ji daga 0 zuwa 10. Daga nan ya riƙe hoton a ransa, idanunsa na bin yatsun likitan dama da hagu na kimanin rabin minti. A tsaya, ya ja numfashi, ya faɗi abin da ya zo masa, a sake. Haka za a yi ta yi har zafin ya sauka. Wasu likitocin sukan yi amfani da sauti a kunnen dama da na hagu, ko ɗan bubbuga bayan hannu. Zama guda yakan ɗauki minti 60 zuwa 90, kuma a Birtaniya ƙa'idar ita ce zama 8 zuwa 12 ga babba. Abin da ya faru ba ya gogewa. Mutum zai ci gaba da tunawa, sai dai tunawar ta daina kaɗa masa hanji. Kuma ba dole ba ne ya fayyace komai dalla-dalla, wanda hakan babbar rahama ce ga macen da kunya ta hana ta buɗe baki.

To, me ya haɗa ido da firgici? Bayanin da ya fi samun goyon baya, musamman daga masu bincike na Jami'ar Utrecht a Holan, shi ne taura biyu ba ta taunuwa: ƙwaƙwalwa ba ta iya riƙe mugun hoto da dukkan ƙarfinsa tana kuma bin yatsa, don haka hoton ke dusashewa. Wasu masana kuma, irin su Richard McNally na Jami'ar Harvard, sun daɗe suna cewa ainihin maganin shi ne fuskantar abin da ake gudu a gaban ƙwararre, motsin idon ƙari ne kawai. Har yau ana wannan muhawara. Amma a kan cewa mutane na samun sauƙi, hujja ta yi ƙarfin da a 2013 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa hanyar cikin magungunan da ta amince da su ga masu ciwon firgici, yara da manya.

A kan fargaba da damuwar da ba su da tushe a wani mummunan lamari kuwa, hujjar ba ta kai haka ba. Duk wanda ya tallata ta a matsayin maganin kowace cuta, ciniki yake nema.

Abin da ya fi damuna shi ne bidiyoyin da ke yawo a intanet, ɗigo na zarya a fuskar waya, wai mutum ya yi wa kansa magani. Tono irin wannan tunani ba tare da wanda zai tare ka ba yana iya dagula lamarin, domin ko a hannun ƙwararre wasu sukan yi 'yan kwanaki suna mafarkai masu nauyi kafin sauƙi ya zo.

Idan kana da ɗan'uwa a cikin wannan hali, kada ka tsaya ga ce masa ya yi haƙuri ya manta. A yi addu'a, a kuma kai shi asibiti. Akwai asibitocin ƙwaƙwalwa na tarayya a Maiduguri da Kaduna da Kware ta Sakkwato. A tambayi likita ko akwai wanda ya sami horo a kan wannan hanya. In babu, maganin tattaunawa da ke fuskantar firgicin kai tsaye shi ma Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince da shi.